Ɓarayin Kwandon Sora Velia

Gidaje tamanin da uku ne a Fossarena, idan aka haɗa da goma sha ɗayan da masu su suka kulle suka koma Roma. A duk mutanen garin babu wanda bai taɓa cin girkin Velia Scardocci ba. Shekara ashirin da biyu tana dafa wa 'yan firamare abinci, har zuwa shekarar da yara suka rage saura tara aka rufe makarantar. Shekara talatin da huɗu kuma ita ke riƙe da ludayin babbar tukunyar dodon koɗi, wadda garin ke haɗuwa a dandali ya ci ran ashirin da uku ga Yuni, jajiberin bikin Waliyyi Yohanna.

Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya bakwai na wani mai aikin gonar zaitun. Aji biyar ta yi ta bar makaranta. Tana da ashirin da biyu ta auri Amedeo mai gyaran keke, suka tare a gida na ƙarshe a gangare, taki goma sha biyu daga katanga zuwa rafin tsohon injin niƙa. Amedeo ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya, Loredana, da ƙaninsa Quirino, wanda katanga ɗaya ce ta raba gidajensu, wanda kuma bai taɓa barin rana ta faɗi bai tsokane ta ba. Gajeruwa ce, mai faɗin kafaɗa, mai saurin tafiya. Yara da manya Sora Velia suke ce mata, wato Uwargida Velia.

Aikin tukunya tun watan Afrilu yake farawa. Da ruwa ya sauka ya ɗauke, mata bakwai ke fita da sassafe da bokiti, su bi gaɓar rafi daga gada zuwa tsohon ɓaure, taki ɗari uku da tamanin, suna ɗaga ganye suna tsintar dodon koɗi. Kwando tara ake so. Biyar daga gaɓar nan suke fitowa, huɗu daga gonakin zaitun. A zuba su a kejin raga a ɗakin ƙasan Velia, a riƙa ba su ganye har lokacin da za a koma ba su dusa don cikinsu ya wanke.

A wajen tsintar nan akwai abokin gaba guda. Wata baƙar tsutsa ce mai gaɓa-gaɓa, ƙafa shida, tsawonta bai wuce gaɓar yatsa ba. Sai ka ɗaga dodon koɗi ka same ta ta cusa kai cikin katantanwa tana shanye mai gidan. Matan ɓarawo suke ce mata. Mahaifiyar Velia ta koya mata maganinsa tun tana shekara bakwai: babban yatsa a kan dutse. Ita ma duk macen da ta shigo ayarin, darasin farko ke nan da take ba ta.

Wani abin da ta gada wajen uwarta shi ne agogon dusa. Ba ta duba kalanda. Daren da ta ga maƙesu na farko, ƙwaron nan mai yawo da 'yar fitila a gindinsa, ya gifta a kan rafi, washegari take fara ba da dusa. A farkon aurenta ba su ƙirguwa. Amedeo ya kan ce da haskensu ya taɓa liƙe tayar keke, ƙarya ce, amma ba mai nisa ba. Da ta ga suna raguwa sai ta fara tsayawa a katangarta kowace goma ga Yuni da magariba tana ƙirgawa. Ta samu wajen ɗari uku. Bayan 'yan shekaru ɗari da ashirin. Daga nan arba'in. Shekarar da ta cika saba'in da biyar, goma sha ɗaya ta gani, ta kuma ƙirga sau uku.

Abin ya tsaya mata a rai. Ta ɗora laifi a kan fitilun titi goma sha huɗu da aka kakkafa, da feshin gonar inabin da ke ƙetare, da sigarin Quirino.

"Sigarina kuma, matar yaya?"

"Suna ganin jan wutar nan su ɗauka mace ce, su zo su tarar da kai. Wa zai sake dawowa?"

"Ai gara ni. Ke da muryarki kike korar su."

Ran goma sha tara ga Afrilu na shekarar da ta biyo, da azahar, ta sauka ɗakin ƙasa da bokiti a hannu, ta danna makunni, ƙwan lantarkin ya yi fat ya mutu. Iska ta turo ƙofa. Ta tsaya a duhu tana laluben bango tana mita, sai idonta ya faɗa cikin bokitin. Ɗigo biyu ne, kore-kore, ƙanana kamar kan allura, suna tafiya a hankali. Ta murje ido. Suna nan. Ta buɗe ƙofa, haske ya shigo, ta leƙa: ɓarawo ne guda da ya tsere wa yatsanta, yana bin gefen bokiti.

Ta ƙwala wa Quirino kira ta kan katanga. Ya zo da sabon ƙwai da tsani.

"Ajiye tsanin nan. Rufe ƙofa."

"Ni da ke a ɗaki mai duhu? Me za a ce a gari?"

"Za a ce tsohuwa ta rasa abin yi. Rufe ƙofa, ka haɗa da bakinka."

Ya rufe. Suka durƙusa, gwiwoyi huɗu suka yi ƙara. Ta ɗan taɓa tsutsar da tsinke, ɗigon nan biyu suka kunnu. Quirino ya kusanto da fuskarsa bakin bokitin.

"Velia," ya ce, "launin nan na san shi."

"Ni ma na san shi. Shi ya sa na kira ka, ko za ka ce min ƙarya idona ke yi."

Ta sa tsutsar a kwalbar tumatir da ƙasa mai laima da gansakuka, ta rufe da tsumma. Ran Lahadi Loredana ta zo cin abincin rana kamar yadda ta saba. Shekara goma sha tara tana aiki a wata masana'antar cuku a kwari, ita ke duba tsaftar tankuna. Ta ɗauki hoton tsutsar, ta yi ta dannan waya, sannan ta ajiye cokali.

"Mama, ɗan maƙesu ne."

"Maƙesu fukafuki gare shi."

"A ƙarshe. Kamar mako biyu kawai yake yi da fukafuki, ya nemi mace, a yi ƙwai, ya mutu. Kafin nan shekara ɗaya zuwa biyu yana ƙasa a haka, kuma dodon koɗi ne abincinsa."

"To wutar fa? Me ya sa ba ta ƙone shi?"

"Ba wuta ba ce. Abu biyu ne a cikinsa, ɗaya kamar mai, ɗaya kamar ashana. In iska ta shiga ta same su sai haske ya tashi, babu zafi ko kaɗan. Babban yana kunnawa ne don mace ta amsa masa daga cikin ciyawa. Ƙaramin kuma yana gaya wa kwaɗi ne cewa ɗaci gare shi, kada a taɓa shi. Ai da sinadarin nan nake aiki, sai dai namu a ɗakin gwaji ake haɗa shi. In goga auduga a jikin tanki in sa a na'ura, in akwai sauran madara ko ƙwayar cuta ya yi haske, na'ura ta ba ni lamba."

"Shekara goma sha tara kina cin abinci da maƙesu ba ki taɓa faɗa min ba?"

"Sau uku na faɗa miki. Duk kina yanka albasa."

Velia ba ta yi dariya ba. Leɓunanta suna motsi. Mata bakwai, kowace bazara sukan murƙushe wajen ɗari da hamsin. Sau talatin da huɗu. Dubu biyar da ɗari ɗaya, ban da na zamanin uwarta, ban da ƙwan da kowace za ta yi. Kuma da safe suke fita, cikin haske, suna gani suna dannewa. Ina za su ga fitila?

"Mama, ba ke kaɗai ba ce. Ga fitilun titi, ga feshi, ga yankan ciyawa a tsakiyar Yuni, daidai lokacin da matan ke kwance a ciki."

"Fitila ba ni na kafa ta ba. Yatsan nan kuwa nawa ne."

Washegari a bakin gada ta tare matan shida ta ce daga yau duk wadda ta ga ɓarawo ta kawo mata shi da rai. Suka dubi juna. Wadda ta fara magana ita ce Iolanda, mataimakiyarta ta shekara ashirin, mai yanka tafarnuwa, doguwa mai ɗan kunnen zinariya, wadda uku cikin matan danginta ne.

"Da rai? Miya za a yi da su?"

"Kiwo zan yi."

"Sora Velia, kin sha maganinki na safe kuwa?"

"Na sha, na kuma ga naki a kan taga kin manta. Ku dai kawo."

Suka kawo, suna dariya. Cikin mako uku ta tara sittin da uku a baho uku. Ɓarayi kuwa sai sun ci, don haka kullum tana zaɓar ƙananan dodon koɗi daga kejin biki tana jefa musu. Labari ya zaga gari kafin burodi ya huce: shugabar tukunya tana ciyar da ɓarayi da abincin Waliyyi. A shagon kofi Quirino ya ce ta samu sabon miji a kwalba, baƙi ne, gajere, amma ba ya musu. Duk da haka kowace safiya shi ke tsallako katanga da gansakuka mai laima a cikin hularsa.

Ta tara matan ta sauka da su ɗakin ƙasa da tsakar rana, ta rufe ƙofa. Ɗigo-ɗigo suka tashi a baho kamar garin da ake hangowa daga kan dutse. Ɗaya ta yi alamar gicciye. Wata ta ce wayyo Maryamu. Iolanda ta harɗe hannu.

"Ruɓaɓɓen itace ma yana haske a duhu. Ki nuna min fukafuki."

Sai jira. Goma sha biyu suka mutu, laima ta yi musu yawa, Velia ta kwana biyu ba ta yi wa Quirino ko baƙar magana ɗaya ba, har ya tsorata ya kira Loredana. A ƙarshen Mayu na cikin kwalba ya daina ci, ya naɗe, ya yi fari-fari ya kwanta a gefe. Quirino ya ce mijin ya rasu, a shirya zaman makoki. Ta ce ya taɓa kwalbar ya gani. Ran shida ga Yuni, kwana arba'in da takwas cif, ta ɗaga tsumma da safe ta ga ƙwaro mai baƙin fukafuki da jan wuya yana hawan gilashi.

Ba ta tsaya canza takalmi ba. Ta sa kwalbar a ƙarƙashin rigar girki, ta hau matakala ɗari da goma sha bakwai zuwa gidan Iolanda, ta same ta tana ɓare wake.

"Kawo bargo."

"A wannan zafin?"

"Kawo, ke dai."

Tsofaffi biyu suka cusa kai ƙarƙashin bargo ɗaya a kan teburin girki, kwalba a tsakiya. Velia ta ɗan girgiza ta. Ƙwaron ya kunna, ya kashe, ya kunna. Hasken ya isa ta ga hancin Iolanda da ɗan kunnenta guda.

Iolanda ta yaye bargo ta zauna. Ta daɗe tana duban babban yatsanta.

"Ke kika koya min," ta ce.

"Ni na koya miki. Ni na koya wa kowa. Zan faɗa a dandali in kina so."

"Ba sai kin faɗa ba, ni zan faɗa. To yanzu me kike nema?"

Velia ta riga ta shirya. A bar gaɓa daga gada zuwa ɓaure: ba tsinta, ba yankan ciyawa sai ƙarshen Yuli. Ta kuma san dalilin da ya sa ta hau matakalar nan. Fulvio ɗan Iolanda shi ke tuƙa injin yankan ciyawar gari, saura kwana tara ya aske gaɓar don biki, kuma maganar uwarsa kaɗai yake ji. Matan ma in Iolanda ta ce a'a, huɗu ne a kan uku.

"Kwando biyar ke nan kin zubar," Iolanda ta ce. "Mutum ɗari biyu da goma ke zama a dandali. Baɗi me za su ci, haske? Ga ciyawa ta kai ƙugu ranar biki, mutanen ƙauyukan sama su zo su ce mazan Fossarena sun mutu. A'a, Velia. Mu daina kashewa, na yarda. Amma gaɓa tamu ce."

"In kun kwashe abincinsu, kun kashe su ne da yunwa."

"To sai su yi haƙuri."

Velia ta dubi kwalba, ta dubi Iolanda. Ta san matar nan tun suna aji ɗaya, ta san abin da take kallo duk shekara ta gefen ido tana yanka tafarnuwa.

"Shekara ashirin kina son ludayin nan."

"Ni? Wa ya gaya miki?"

"Idonki. Har ya kusa huda shi. Ɗauki. Daga bana ke ce mai tukunya. Ki ba ni gaɓa."

Iolanda ta jawo kwanon wake gabanta. Ta ɗauki wake ɗaya ta ɓare, ta ajiye.

"Ba za ki tsaya a bayana kina cewa gishiri ya yi yawa ba?"

"Ko kusa da wuta ba zan zo ba."

"Rantse."

"Na rantse da kabarin Amedeo."

"Fulvio zai yi ƙorafi."

"Ke kika haife shi."

Da yammar nan Velia da Quirino suka tura baho uku a baro zuwa gaɓa, suka juye ƙasar a hankali a gindin ciyawa, wuri goma sha biyu. Ta buɗe kwalba. Quirino ya cire hula ya ce Allah ya kiyaye hanya, mijin matar yaya, ka gaida na gaba.

Ran biki Velia ta zauna a tebur, karo na farko tun tana da arba'in da biyu. Ba ta san inda za ta ajiye hannunta ba. Sau biyar tana miƙewa in ta ji an buɗe murfin tukunya, sau biyar Loredana na jan rigarta. Iolanda ta hau kan benci ta faɗa wa gari kaf wanda ya koya musu kisan maƙesu, ba ta rage komai ba, ta ma ƙara. Aka yi dariya, aka tafa wa Velia, ita kuma ta ci kwanonta har ƙasa ta goge da burodi ba ta ce uffan ba. Quirino ya raɗa mata cewa miyar kamar an wanke kwano. Ta taka masa ƙafa.

A shekarar nan maƙesu ashirin da tara Velia ta ƙirga. Shekara ta biyu ashirin da huɗu, kuma a bikin ne aka cika tukunya da wake da dodon koɗin kiwo da aka sayo daga kwari, tsofaffi suka ce ɗanɗanon kwali gare shi, wasu biyu suka daina gaishe ta. Ta rame a bazarar nan. Loredana ta ce ta jira, ƙwai ba ya zama fitila a shekara ɗaya. Ta jira, tana bin gaɓa da sanda kowace safiya tana korar masu bokiti, har jikar Iolanda. Shekara ta uku casa'in da shida. Ta huɗu ɗari da saba'in, har mutane suka fara saukowa da kujerunsu suna zama a jikin katangarta, tana hana su kunna waya.

A shekarar ne, ana saura kwana biyu biki, Iolanda ta sauko matakala ɗari da goma sha bakwai da ƙaramin kwano a rufe. Ta samu Velia a inuwar ƙofa tana gyaran tumatir, Quirino na zaune a kan katanga. Ta ajiye kwanon a gabanta.

"Ɗanɗana."

"Na rantse ba zan yi magana ba."

"Na warware miki. Shekara uku ana ce min da daɗi, da daɗi, a bar rabin kwano. Tumatir ɗaya, tafarnuwa ɗaya, barkono ɗaya, na'a-na'a ɗaya. A gabana kike yi shekara ashirin. Me kike sawa da ban gani ba?"

Velia ta ɗiba da burodi, ta tauna a hankali, ta haɗiye. Ta dubi rafi, can bayan ɓaure inda injin Fulvio ya aske ƙasa tas.

"Na san abin da ya rage," ta ce. "Abu ɗaya ne tak."

"To faɗi mana."

"Taki sittin bayan ɓaure."

"Ke! Ba ki da kunya? Ashirin."

"Hamsin."

"Talatin, kuma kada ki ƙara."

"Arba'in, da fitilar kan gada a kashe ta duk watan Yuni."

"Fitila ba a hannuna take ba!"

"Surukinki ne mai makullin akwatin wutar."

Iolanda ta juya wajen Quirino. "Kana ji? Ka ga abin da yayanka ya zauna da shi shekara talatin?"

"Ni ma ina nan ina fama," ya ce. "Ki biya kawai, ba ta ragi."

Iolanda ta ja kujera ta zauna da ƙarfi. "Arba'in. Da fitila. Faɗi."

Velia ta share hannu a riga, ta dubi ƙanin mijinta. "Kai, sauka ka je ka auno min taki arba'in daga ɓaure, ka kafa sanda. Manyan taki, ba irin na zuwa coci ba." Sai da ta ga ya kai gindin ɓauren ya fara ƙirgawa da ƙarfi, sannan ta jawo kujerarta kusa da ta Iolanda.